Karan Awon Malam Tanimu

A Tudun Maje, ƙauyen da ke gefen hanyar Makoda zuwa Kunci, in aka yi rasuwa akan aika wa Nababa kafin a aika wa Liman. Ba wai ya fi Liman ilimi ba ne, ina, shi da in ya ja karatu sai ka ji inda yake ɗingishi. Dalilin ɗaya ne, shi ne mai awo. Shi ke zarar karan dawa ya shiga ɗakin da aka shimfiɗe mamaci, ya gwada shi daga tsakar ka zuwa dunduniya, ya ƙara ɗani guda, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe hannu, ya karya karan a nan. Sannan ya gwada faɗin kafaɗa, ya yi wa karan 'yar tsaga da farce. Da wannan karan masu haƙa suke aiki. Shekara arba'in da ɗaya yana yi, ba a taɓa kawo gawa bakin kabari aka tarar ya gaza ba.

Kuma mutum ne mai tsanani a kan abinsa. Ba ya yarda a ƙara yatsa ɗaya a kan abin da kara ya nuna, ba ya yarda a rage. Duk wanda ya taɓa riƙe diga a maƙabartar garin ya sha faɗansa a kan haka.

To, wata Laraba a farkon damina, an yi ruwa biyu ana jiran na uku a fita shuka, da hantsi aka zo aka ce masa Malam Tanimu ya cika. Nababa ya yi salati. Tare suka yi kiwon awaki, tare aka yi musu kaciya, kuma shekara sittin in an tayar da salla Tanimu ne a damansa. Tanimu dogo ne na gaske, Nababa kuwa gajere, kansa iyakar kafaɗar Tanimu yake tsayawa. A da can har tsokanarsu ake yi, wai ga tabarya ga turmi.

Amma rabon da a ga Tanimu a sahu shekara uku ke nan. 'Ya'yansa ne suka ajiye shi, kuma wallahi ba da mugunta ba. Gwiwa ce ta fara damunsa, sai suka yi masa ɗakin siminti, suka sa sola da fanka, suka sayo katifa mai kauri, suka ce gona da kasuwa ya bar musu, salla ma ya riƙa yi a ɗaki. Da farko mutane suna shiga gaisuwa. Daga baya sai ƙafa ta ɗauke, don mutanen ƙauye in ba su gan ka a masallaci ko a gindin bishiya ba, mantawa suke yi kana numfashi. Ɗan baffansa ya rasu bai ji ba sai bayan sadakar bakwai. Nababa kaɗai ke leƙa shi duk Juma'a, kuma tambayar ba ta canzawa, wa ya mutu, wa ya haihu. Ran nan ya ce, “Nababa, kullum da nama a miyata. Amma rabon da wani ya tambaye ni ko kuɗin akuya nawa ne, na manta.”

Wannan maganar ta tsaya wa Nababa a rai, don shi ma ya san an fara yi masa shimfiɗa. Yanar ido ta rufe masa idon dama gaba ɗaya, na hagun kuma mutum yake gani kamar inuwa. Yana ɓoyewa iyakar ƙarfinsa, muryoyi yake bi, ƙafarsa kuma ta haddace hanyoyin garin. Sai dai ɗansa na fari, Jamilu, malamin firamare a Makoda, ba yaro ba ne. Watan jiya ya sami Liman a zaure ya ce a sauke wa Baba wannan aikin, kada wata rana a ji kunya. Liman ya ce shi ba zai karɓe kara daga hannun mutumin da bai taɓa kuskure ba, amma ranar da aka ga alama, ba sai an yi dogon zance ba. Nababa yana bayan katanga yana alwala, duk ya ji. Tun daga ranar tsoro bai bar shi ba. Ba tsoron mutuwa ba, wannan kullum hannunsa a cikinta yake. Tsoron a daina aiko masa yake yi.

Yana zarar kara daga dangar gidansa sai ga Jamilu a kan babur, an buga masa waya ya baro makaranta.

“Baba, hau in kai ka. In ka auna sai in kai karan maƙabarta, kai ka zauna wajen zaman makoki.”

Nababa ba ya kiran sunan ɗan fari. Ya ce, “Kai, tun kafin a haife ka nake kai kara da ƙafata.”

“Na sani, Baba. Rana ce ta yi zafi, ga hawan jininka.”

“Jinin nawa ne ko naka? Je ka taya su neman itace.”

Ya shiga ɗakin Tanimu shi kaɗai. Fankar tana ta juyawa a kan gawa, ba wanda ya tuna ya kashe ta. Ya durƙusa, ya laluba ƙoƙon kan abokinsa, ya daidaita bakin karan, ya bi shi da hannu har dunduniya. Jikin ya rame ya zama kamar icen ƙirare, amma tsawon yana nan yadda ya san shi. Ya ƙara ɗani, ya karya. Ya gwada kafaɗa, ya yi tsagarsa. Ya ce, “Allah Ya yi maka rahama, Dogo,” ya tashi da kyar. A zaure aka gaya masa an sa jana'iza bayan azahar, a yi sauri, don gabas ta fara haɗa baƙi.

Maƙabartar Tudun Maje tana da 'yar tafiya, sai ka wuce gonaki ka gangara. Yana tsakiyar hanya abin nan na tsofaffi ya taso masa, fitsarin da ba ya jiran kowa. Ya ratse bayan dangar wata garkar rogo, ya jingina karan awo da dangar, ya tsuguna. Ya daɗe, don yanzu abin sai an lallaɓa yake zuwa. Yana nan tsugune iskar gaban hadari ta buso sau ɗaya, mai ƙarfi, dangar ta yi ƙara. Da ya gama ya yi tsarkin hoge ya miƙa hannu inda ya ajiye karan, babu. Ya sunkuya ya laluba ƙasa, ya ji shi kwance a gindin dangar, kaurin nan dai, santsin nan dai. Ya ɗauka ya kama hanya. Ko a ransa bai kawo cewa dangar kara, kara take zubarwa ba.

Ƙasimu ne babban mai haƙa, magidanci ɗan shekara arba'in da wani abu, mai ƙarfi kamar sa kuma mai yawan magana. Da shi da mutum biyu suna jira a inda aka zaɓa, kusa da wata tsohuwar dorawa. Nababa ya shimfiɗa karan a ƙasa, kai kudu ƙafa arewa, Ƙasimu ya ja layi da bakin fartanya. Suka fara uwar kabari, ramin sama mai faɗi. Ƙasar ta sha ruwa biyu, ba ta yi gardama ba. Da suka kai gwiwa suka sake ɗora karan, suka yanka ɗan kabari, siririn ramin tsakiya inda mamaci ke kwanciya a kan damansa.

Ƙasimu ya tsaya yana share gumi, ya dubi ramin ya ce, “Ikon Allah. Ni da nake jin ana cewa Malam Tanimu dogo ne. Ashe tsufa yana cin tsawo haka, Baba?”

Ɗaya daga cikin masu haƙan ya ce, “Shekara uku a kwance ai dole. Ni kamanninsa ma sun ɓace mini.”

Nababa ya ji maganar ta ɗan sosa shi, amma ya ɗauka surutun Ƙasimu ne na kullum. Ya ce su yi aiki su bar hira. Can daga gari aka jiwo kiran sallar azahar. Suka yi taimama suka yi sallarsu a gindin dorawar, suka koma. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif, irin shirun da manomi ya san abin da ke bayansa.

“Baba, ba mu kafaɗa,” in ji Ƙasimu daga cikin rami.

Zurfin ɗan kabari da faɗin kafaɗa ake yin sa, don kada itacen da za a jera a sama ya taɓa mamaci. Nababa ya ɗauki karan ya bi shi da babban yatsa yana neman tsagarsa. Ya kai ƙarshe bai ji ta ba. Ya juya karan ya sake bi. Ya bi gaɓa gaɓa, a hankali, har sau uku. Karan sumul yake, ba wanda ya taɓa sa masa farce. Ya shafa bakin da ya kamata ya zama sabuwar karaya, ya ji shi a bushe, da ƙasa a ciki, irin bakin karan da ya kwana biyu a tsaye cikin danga.

Gumin da ya karyo masa ba na rana ba ne. Nan take ya ga komai, dangar rogo, iskar nan, hannunsa yana laluben ƙasa. Karan Tanimu yana can kwance cikin 'yan'uwansa, shi kuwa ya kawo wa mutane karan danga sun haƙa kabari da shi.

“Baba?”

“Kamu ɗaya,” in ji Nababa. “Ku yi kamu ɗaya.” Wannan kam ya sani ko ba kara, ya sha rungumar kafaɗun nan ranar idi.

Suka ci gaba. Shi kuwa ya koma gefe ya tsayar da karan a jikinsa kamar mai dogarawa, ya ɗaga hannu a ɓoye ya taɓa ƙarshensa. Ya wuce kansa da kaɗan. Da kaɗan fa, alhali karan Tanimu da ya ɗauko daga gida sai da ya riƙa kaucewa rassan bishiya da shi. Kabarin nan ya gaza, kuma duk duniya shi kaɗai ya sani, don duk garin ba wanda ya tuna tsawon Tanimu sai shi.

Ya san abin da ake yi in kabari ya gaza. Yana saurayi ya gani sau ɗaya, a hannun mai awon da ya gada. An sauke gawa ta ƙi shiga, aka yi cirko-cirko, daga ƙarshe aka tanƙwashe gwiwoyin mamacin aka cusa shi, 'ya'yansa suna kallo. Ba wanda ya yi wa mai awon faɗa. Kawai dai ba a sake aika masa ba, ya yi shekara shida a zaurensa yana jin wucewar makara.

Sai zuciya ta fara kawo masa dabara. Ya matso bakin ramin ya ce, kamar abin bai dame shi ba, “Ƙasimu, ɗan ƙara mana ta wajen ƙafa.”

Ƙasimu ya ɗago. “A ƙara? Ga karan nan Baba, ya zauna daidai, ko yatsa ba ya shiga.”

“Na ce ka ƙara.”

“Wajen ƙafar saiwar dorawa ce, kaurin cinyata. Da kyar muka kauce mata. In za a ƙara sai an sa gatari, ga hadari a kanmu.” Ya yi 'yar dariya. “Ko gwada ni kake yi? Bara da na ƙara yatsa biyu a kabarin Inna Fanta, kwana uku ba ka amsa gaisuwata ba.”

Sauran suka yi dariya. Nababa bai yi ba. Tsananinsa na shekara arba'in ne ya tare masa hanya, ba kuma yadda za a yi Ƙasimu ya ɗaga gatari sai an gaya masa dalili. Wayar Ƙasimu ta yi ƙara a aljihun rigarsa da ke rataye. Ya fito ya amsa, ya ce to, to, mun kusa. Ya dubi Nababa ya ce an idar da salla, sun ɗauko.

Daga masallaci zuwa nan, da makara a kafaɗa da hadari a baya, bai fi a sha kofin shayi ba. Ko da ya tura wani garkar rogo, wane kara zai ɗauko cikin ɗari? Nababa ya tsaya yana lissafi. In ya yi shiru, wataƙila a ce likkafani ne ya yi yawa, wataƙila a ce masu haƙa ne suka karkace, a ɗan tanƙwashe gwiwa a rufe, ruwa ya kore maganar. Ƙasimu zai sha zargi, shi ya tsira da karansa. Wallahi ya so ya yi shirun. Ya so ƙwarai, har ya ji kunyar yadda ya so. Sai ya tuna gwiwoyin Tanimu, waɗanda saboda su aka rufe shi a ɗaki shekara uku, a ce kuma yau da su za a naɗe shi a tura rami don Nababa ya ci gaba da zama mutum a gari.

Ya cire hularsa ya ajiye, ya tuɓe takalmi. Ya ce, “Kama ni in sauka.”

“Ina za ka, Baba?”

“Kama ni na ce.”

Ƙasimu ya riƙe shi ya sauka uwar kabari. Kafin su gane abin da yake nufi ya zura ƙafafunsa cikin ɗan kabari, ya kwanta a kan damansa, fuska gabas, ya manna kansa da bangon kudu ya miƙe sosai. Ƙasar tana da sanyi, tana warin damina. Masu haƙan suka yi salati, ɗayansu har ya ja da baya.

“Ƙasimu, sa hannunka tsakanin dunduniyata da bango. Nawa ya rage?”

Ƙasimu ya durƙusa ya gwada. “Ɗani ɗaya, Baba. Cif.”

Nababa ya rufe ido. Ɗani ɗaya cif, kamar shi ya auna wa kansa. Ya ce daga inda yake kwance, “Kaina a kafaɗar Tanimu yake tsayawa. Daga kafaɗarsa zuwa tsakar kansa ɗani da rabi ne. Abin da za ku ƙara ke nan. Karan nan ba nasa ba ne. Na ajiye nasa a hanya na zagaya, na dawo na ɗauki na danga, don ba na gani. Na fi shekara ba na gani. Ɗauko gatari.”

Kuma a daidai lokacin ne muryoyin masu ɗauke da makara suka gangaro, ana la'ilaha illallahu, iska ta taso tana kaɗa rassan dorawar. Nababa ya yunƙura zai tashi, ramin siriri ne, hannunsa na dama yana ƙarƙashinsa, ya kasa. Haka mutanen Tudun Maje suka iso suka tarar da mai awonsu kwance a kabarin wani, Ƙasimu yana jan sa ta hammata.

“Baba!” Muryar Jamilu ce. Ya ture mutane ya diro cikin ramin, ya ɗauke uban cak kamar yaro ya fito da shi. “Faɗawa ya yi? Ƙasimu, faɗawa ya yi kuna kallo?”

Ga hanya ta samu, a ce faɗawa ya yi, tsautsayi ne. Ƙasimu ma ya buɗe baki, da alama abin da zai ce ke nan don ya rufa masa asiri. Nababa ya riga shi. Ya juya inda ya ji tarin Liman ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji, “Malam, ku sauke shi a inuwa ku ɗan yi haƙuri. Kabarin ya gaza, kuma ni na gazar da shi. Ba laifin yaran nan.”

Aka sauke makarar a gindin dorawa. 'Ya'yan Tanimu suka cire manyan rigunansu suka rufa a kan tabarmar da aka lulluɓe shi da ita. Ƙasimu ya shiga da gatari. Saiwar ɗanya ce, gatarin yana shiga yana maƙalewa, kowane sara sai ya yi nishi. In ya gaji wani ya karɓa. Aka fara yayyafi, manyan ɗigo ɗai-ɗai masu ƙara a kan ganye. Wasu suka riƙe tabarma a saman ramin don kada ruwa ya taru a ciki. Mutum fiye da ɗari a tsaye, ba mai magana, sai saran gatari da rugugin sama. Nababa yana tsaye inda Jamilu ya ajiye shi, ba hula, rabin jikinsa jar ƙasa, yana ƙirga saran a ransa. Ba ya ganin fuskokinsu, amma ya san duk wanda ya dube shi sai ya yi saurin kawar da kai.

A sara na hamsin da wani abu saiwar ta rabu. Suka fidda ƙasar da hannu da shebur. Ƙasimu ya ce, “Baba, zo ka duba.” Jamilu ya riƙe Nababa, tsohon ya durƙusa a bakin ramin, ya miƙa hannu ya auna sabon wurin, ɗani, da rabi. Ya ce ya yi.

Aka sauke Tanimu. Ya shiga a miƙe, tsawonsa duka, ba inda ya taɓa. Aka jera itace, aka sa ganye, aka toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ana fara turawa da shebur sama ta ɓalle. Liman ya taƙaita addu'a, aka shafa, jama'a suka watse da gudu, kowa yana tunanin irin da zai fitar gobe da asuba.

Liman bai gudu ba. Ya zo ya kama hannun Nababa da hannu biyu, ruwa yana zuba a kansu. Ya ce, “Malam Nababa, abin da ka yi yau ba kowa zai iya ba. Allah Ya saka maka.” Sannan ya ƙara da cewa, “Ƙasimu ya daɗe a bayanka. Ina ga ya koya.”

“Ya koya,” in ji Nababa. “Hannunsa ya fi nawa faɗi, ya riƙa rage kaɗan a ɗanin.”

Shi ke nan, an gama, ba a yi dogon zance ba. Ya yi zaton in ranar ta zo zai yi faɗa, sai ya ji ba abin da ke ransa sai baƙin ciki mai nauyi da gajiya. Ya juya wajen da yake jin Ƙasimu yana tattara kayan aiki.

“Ƙasimu.”

“Na'am, Baba.”

“In an yi rasuwa, ko haihuwa ce ma, ku dai riƙa gaya mini. Ba sai na zo na yi komai ba. In ji kawai, a ranar.”

“Haba Baba, ai dole. Wa zai manta da kai?”

Da zuciya ɗaya ya faɗa, Nababa ya sani. Da zuciya ɗaya shi ma ya ji an faɗa wa Tanimu a ƙofar ɗakin siminti.

Ƙasimu ya ɗauki karan dangar daga cikin taɓo zai karya ya yar. Nababa ya ji ƙarar ɗaukarsa ya ce, “Kada ka karya. Miƙo shi nan.”

“Me za ka yi da shi, Baba? Ba na kowa ba ne.”

“Nawa ne. Kai ka auna da hannunka, ɗani ɗaya cif.” Ya karɓa, ya ɗora shi a ƙirjinsa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya sa farce ya yi tsagar. “Za ka same shi a saman ƙofar ɗakina. Ranar ba sai ka shigo da wani ba.”

Jamilu ya juya baya yana goge fuska, ko ruwa ne ko ba ruwa ba. Ya ce babur ba zai bi taɓon nan ba, sai dai su taka. Ya kama hannun uban, wannan karon uban bai fizge ba. Suka hau gangaren a hankali, santsi yana jan ƙafar tsohon, sau biyu yana kusan zuwa ƙasa. Jamilu ya ce ya dogara karan mana. Nababa ya ƙi, ya ɗaga shi sama ya rungume a ƙirji har gida, don kada bakinsa ya ci ƙasa ya rage tsawo.